Yadda Fataken Zango Suka Daina Zuwa Tarabulus

Zinder gari biyu ne da zamani ya ɗinke. Akwai Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take a tsakiyar manyan duwatsu, akwai kuma Zango a arewa da shi, unguwar da aka binne cibiyata. Mutanen Birni da sarauta suke tinƙaho, da ragowar ganuwa, da labarin igwa. Mu namu gidaje ne: soraye masu zankwaye, bango mai zane tun daga bakin ƙofa har sama, da zaure mai faɗin da za a jibge kaya a ciki ba a tare wa mai shiga hanya ba. Baƙo in ya gani sai ya ce ai kuɗin Sahara ne. Wani gidan haka ne. Amma da yawa cikin waɗanda ke tsaye yau an ɗora su ne bayan hanyar Tarabulus ta mutu, da kuɗin gyaɗa da shanu da goro, kuma masu ginin ƴaƴan fatake ne, ko fataken su da kansu bayan sun kwance wa raƙuma kaya kwancewar ƙarshe. A lakwal an koya mana sunayen sarakuna da ranar yaƙin Tirmini. Ba wanda ya koya mana abin da ya sami mutanen Zango cikin shekarun da ba su kai talatin ba, mutanen da sana'arsu tafiya ce, aka wayi gari tafiyar ba ta ciyar da kowa.

Gidan sarautar Damagaram daga wani malami ya samo asali a shekarun 1730, kuma ya daɗe yana ƙaramar masarauta mai kai gaisuwa Barno. A farkon ƙarni na 19 ne Sarki Sulaiman ya mai da Zinder mazauninsa. Abin da ya ɗaga garin, inda Allah ya ajiye shi ne. Bayan jihadin Shehu Usmanu kasuwar Katsina ta ja baya, Kano ta karɓe, ƙasar Maraɗi da Tasawa kuma ta zama filin hare-hare, sai ayari ya riƙa neman hanyar da zai kwana da kwanciyar hankali. Wanda ya taso daga Tarabulus sai ya bi ta Gadamas, ya faɗa Gat, ya ratsa duwatsun Abzin, ya sauko Damargu, ya huta a nan kafin ya ƙarasa Kano, wadda tsakaninmu da ita kamar kilomita 240 ne. Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya shafe kimanin shekara talatin yana mulki ya rasu a 1884, ya san darajar wannan hanya. Ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya sayi bindigogi daga arewa, ya sa maƙera suna zuba igwa a gida, ya ja Mirriya da Dungas da Gure ƙarƙashinsa. Duk bindigogin nan a bayan raƙumi suka zo.

Daga arewa ana kawo akoko da alawayyo na masaƙun Manchesta, da takarda, da sukari, da alharini, da murjani, da madubi da allura, da jar dara da alkyabba. Daga nan kuma ana ɗaukar gashin jimina, da hauren giwa, da jemammun fatun awaki waɗanda wasu har Amurka suke kaiwa. Raƙuman yawanci na Abzinawan Kel Ewe ne, masu ƙauyukan noma a Damargu inda ayari ke ɗibar hatsi. Jari kuma mafi girmansa na Larabawan Gadamas ne. Tsakanin mai raƙumi da mai jari akwai mutanen Zango: su ke saukar baƙo, su ke yi masa dillanci, su ke sanin wanda za a ba bashi da wanda za a ba shayi kawai a sallame shi.

Irin amanar da ke tafiya a kan wannan hanya, Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ɗanɗana ta. Ya iso Zinder a ƙarshen Disamba 1852 hannunsa ya yi ƙasa, ga tafiyar Tumbutu a gabansa. A watan Janairu 1853 wani Balarabe ya damƙa masa saƙo daga arewa: dala 1,000 ta azurfa da aka cusa cikin akwatunan sukari guda biyu don kada ido ya gani. Kuɗin sun ƙetare Sahara daga hannu zuwa hannu, ba banki, ba jandarma, suka iske mai su.

Akwai kuma hajar da ba ma son ambatonta a zaure. Shekara biyu kafin Barth, a Janairu 1851, abokin tafiyarsa James Richardson ya zauna a Zinder zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ake fita hari a kamo mutane, wani lokaci daga ƙauyukan ƙasar kanta, a biya bashin fada da su. Richardson bai yi nisa ba bayan ya bar mu, ya rasu a Ngurutuwa a watan Maris na wannan shekara, a kan hanyarsa ta Kukawa. Abin da ya rubuta ya rage. Duk wanda zai yi kukan mutuwar hanyar Sahara, gara ya tuna cewa akwai waɗanda suka bi ta da igiya a wuya, kuma wani kason kuɗin da ya gina Zango ta farko kuɗinsu ne.

Barin tafiya ba sabon abu ba ne a fatauci. Da ma can shi ne ƙarshen sana'ar ga wanda Allah ya yi wa buɗi. Yaro yakan fara da jan akala da ɗiban ruwa a salka. In ya yi hankali a ba shi raƙuma kaɗan ya kula da su, daga nan ya fara sa ɗan nasa kaya cikin na maigida. Mai sa'a ya zama wakili, mai ƙwarjini ya zama madugu, wanda shi ke yanke ranar tashi, shi ke magana da masu rijiya da masu tare hanya. Sannan a kai matakin da ya fi kowanne: mutum ya zauna. Ya shimfiɗa buzu a zaurensa, ya riƙa aika ƴaƴa da barori da bayi, wasiƙu suna zuwar masa daga Gat da Kano, shi kuwa iyakar tafiyarsa masallaci da fada. Attajirin da har yanzu yake bin ayari da ƙafarsa, a idon mutanen da, bai gama zama attajiri ba.

Malam Yaro shi ne wanda ya kai ƙololuwar wannan zama. A ƙarshen ƙarni na 19 babu ɗan kasuwa kamarsa a Zinder. Yana zaune a Zango, wakilansa suna arewa suna kudu, kuma da Faransawan Foureau da Lamy suka iso a Nuwamba 1899 bayan sun ƙetare Sahara a galabaice, yana cikin waɗanda suka tallafe su. Har yau masana'antar jima ta garin nan sunansa take ɗauke da shi. A can ƙasan tsanin kuwa akwai irin su mahaifin kakata, yaron ayari, wanda iyakarsa Gat, bai taɓa ganin tekun Tarabulus ba. Daga bakin kakata na san shi. Takan ce da ni, «Maigidan, kai da ka yi boko, ina ne Asiyu?» In na ce ban sani ba sai ta yi dariya ta ce ashe takardar tawa ba ta kai rijiya ba. Ita ma ba ta taɓa zuwa ba. Sunayen ne ta haddace tun tana yarinya, a jere kamar yadda ubanta ke jero su: Tanut, Adarbisanat, Agadas, Iferwan, Asiyu, Gat.

Mutane sukan ce jirgin ƙasa ne ya kashe hanyar. Shi ya yanka ta, gaskiya ne, amma ya iske ta a kwance. Tun a shekarun 1880 farashin gashin jimina ya fara faɗuwa, domin Turawan Afirka ta Kudu sun koyi kiwon jimina a gona, ba sai an bi ta daji ba. A 1893 Rabe ya ci Barno ya rushe Kukawa, abokan ciniki da masu riƙe da bashi suka watse. Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga yana ta yaƙi da Kano zamanin Sarki Alu, wato da babbar kasuwar da ayarinmu ke nufa. A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder, a ƙarshen Yuli 1899 Faransawa suka zo ramuwa suka ci nasara a Tirmini, Kuran Daga ya fita daga gari aka bi shi aka kashe. Sababbin masu mulki suna bukatar raƙuma don ɗaukar kayan soja, kuma ba roƙa suke yi ba. Mai raƙumi ya koyi ɓoye dabbarsa nesa da gari.

A 1906 aka zargi Sarki Ahmadu ɗan Bassa da shirya tawaye. Aka tuɓe shi aka kai shi Kodebuwa, aka bar gari ba cikakken sarki sai a 1923. Cikin waɗanda aka kama har da Malam Yaro, mutumin da ya tallafi Faransawan shekara bakwai da suka wuce. Marigayi André Salifou ya yi rubutu a kan wannan al'amari, har aka yi fim da shi a 1982. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɓangaren kasuwa: cinikin Sahara a kan suna yake tafiya. Mutum a Gadamas yana sakin kaya ne don ya san wane yana zaune a zaurensa a Zango, kuma bayan shekara ko fiye zai ga kuɗinsa. Ranar da aka ji an ɗaure wanen, duk wata takardar bashi da ke ɗauke da sunansa ta koma abin tantama.

Sai 1911, shekarar da abubuwa biyu suka haɗu. Layin dogo daga kudu ya iso Kano, aka buɗe shi ga kaya a 1912. A watan Oktoba kuma Italiya ta kai wa Tarabulus hari, ƙofar arewa ta shiga yaƙin da ya ɗauki shekaru. Lissafin ba ya bukatar malami. Bandir ɗin akoko da zai shafe watanni a bayan raƙumi, a biya mai raƙumi, a biya jagora, a biya masu rijiya, a kuma sa ran wani kaso zai salwanta, yanzu jirgin ruwa na kawo shi Ikko cikin makonni, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Kano cikin kwanaki. Kayan da a da ke ratsa Zinder su gangara Kano, sai ga su suna haurowa daga Kano zuwa Zinder, kuma da araha. Mun kwana muna ƙofar gida, muka tashi muna bayan gida.

Abin da ya rage, yunwa da yaƙi suka ƙarasa. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, ta cinye dabbobi da mutane. A Disamba 1916 Kawusan, jagoran Abzinawa masu tawaye, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas. Rundunar da ta tashi daga Zinder ta karya kewayen a Maris 1917, ramuwar da ta biyo baya kuma ta kusa share Abzin: aka kashe, aka ƙwace raƙuma, jama'a da yawa suka gudu ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato. Ko da a ce akwai mai son ɗaukar kaya zuwa Gat bayan wannan, babu raƙuman da zai ɗora wa. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder, wadda ta riƙe matsayin tun 1911, suka kai Yamai. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar, kuma duk ɗan Zinder ya san wannan ba ƙage ba ne. Kusancinmu da Kano da Ingilishi ma bai yi musu daɗi ba.

Wannan zaman na biyu bai yi kama da na farko ba. A da mutum ɗaya ke zama, don ya isa, wasu su ci gaba da tafiya a madadinsa. Yanzu gari guda ne aka zaunar a lokaci ɗaya, madugu da yaronsa, wanda ya tara da wanda bai tara ba.

Larabawan su suka fi saurin juyawa. Da yawansu suka tattara suka koma Kano, suka ci gaba da odar kayan da suka saba, sai dai ta teku. Jarinsu kuɗi ne da sanayya a Manchesta da Tarabulus, kuma kuɗi ba ruwansu da raƙumi ko tarago. Masu raƙuman da suka tsira da dabbobinsu kuwa, gyaɗa ce ta cece su na wani lokaci. Ingilishi sun shimfiɗa dogo suna sa ran auduga, manoman Kano suka ba su gyaɗa tun kakar 1912, daga baya noman ya hauro ƙasar Magarya da Matamai da Kance. Gyaɗar Damagaram ba ta da hanyar fita sai ta Kano, ga shi babu mota, sai raƙumin da ya saba da rairayin Asiyu ya koma jigilar buhuna zuwa tashar jirgi. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Haka aka yi ta yi har kamyo ya yawaita bayan yaƙin duniya na biyu ya karɓe wannan ma.

Mutanen Zango kuwa suka juya fuska kudu. Wasu suka shiga koren shanu da tumaki zuwa kasuwannin Najeriya, su dawo da goro da tufafi da kayan kanti. Wasu suka riƙe fata da ƙirgi, wanda da ma sun san shi ciki da waje, sai dai yanzu kamfani ke saye. Wasu suka zama masu sayen gyaɗa ga kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA: a ba su kafin alƙalami, su raba wa yaransu a kasuwannin ƙauye, su tara buhuna su kawo sikeli. Iyakar da Tilho da O'Shee suka shata tsakanin 1906 da 1908 ita ma ta zama sana'a, domin inda duk farashi biyu da kuɗi iri biyu suka yi maƙwabtaka, wanda ya san hanyar dare ba ya rasa abin cefane. Ba na cewa kowa ya yi. Ina cewa dai jikokin waɗanda suka san yadda ake lallashin mai tare hanya a Damargu ba su sha wahalar koyon magana da ɗan duwan ba.

In aka duba da kyau, abin da ya bi su zuwa sabuwar sana'a guda ne: iya riƙe bashi da iya riƙe mutane. Tsarin maigida da yaransa, wanda ake aikawa da dukiya a tabbata zai dawo, shi ne dai aka ɗauko daga hanyar Gat aka ɗora a hanyar Kano, bai ko canza kama ba. Harsuna ma sun yi amfani, don mai jin Buzanci da Barbarci da ɗan Larabci bai rasa dillanci ba. Abin da bai bi su ba shi ne ilimin hamadar kanta: wace rijiya ce ke ƙafewa a wane wata, wane tauraro ake sa wa a kafaɗar dama, yaya ake ɗaure kaya a raƙumin da ya yi gyambo. Wannan ilimi an biya shi da rayuka, kuma cikin shekara goma ya koma ba mai sayensa ko da wuri ɗaya.

Mahaifin kakata yana cikin waɗanda suka faɗa gyaɗa, a matsayin yaron wani, kamar yadda ya kasance yaron wani a ayari. Bai yi arziki ba, bai kuma yi bara ba. Kakata ta ce yakan ɗaga buhu da hannu ya faɗi nauyinsa kafin a ɗora a sikeli, da wuya ya kauce, don wanda ya shekara yana daidaita kaya biyu a gefen raƙumi hannunsa ya riga ya zama ma'auni. Ba ya dukan yaro don ya fasa ƙwarya, amma in ka zubar da ruwa a banza ranar ka shiga uku. Labarin hanya kuwa ba ya bayarwa sai an matsa, in an matsa ma sunayen rijiyoyi kawai yake jerowa ya yi shiru. Na daɗe ina ɗaukar wannan shirun baƙin ciki ne. Kakata ta ce a'a, shi dai bai ga abin faɗi a ciki ba. Tafiyar aiki ce, ƙishirwa ce da ƙaiƙayi da tsoro, kuma ya fi son kwana a ɗakinsa.

Shi ya sa muke da ƙarancin labarin wannan hanya daga bakin waɗanda suka bi ta. Turawan da suka ratsa sau ɗaya sun cika littattafai. Mutanen da suka yi ta kai da kawo rabin rayuwarsu sun bar takardun bashi da wasiƙun ciniki, in ma gara ta bar su. Ɗan ƙasar Damagaram ɗaya da labarin tafiyarsa ya shiga takarda tun a ƙarni na 19, ba falke ba ne, haja ne. Sunansa Dorugu, an haife shi wajen 1840 a Dambanas kusa da Kance. An kama shi yana yaro aka sayar, ya tsinci kansa a Kukawa, inda Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852 sai ya koma hannun Barth tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da shi aka sauka Zinder lokacin akwatunan sukarin nan, da shi aka je Tumbutu aka dawo, da shi aka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus a 1855, daga nan sai Landan, har Jamus.

A Ingila wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön, wanda ke neman Hausa tsantsa don nahawu da ƙamus da yake haɗawa, ya zaunar da shi ya riƙa rubuta abin da yake faɗi. Yaro ɗan shekara goma sha shida ko kusa da haka ya ba da labarin ƙauyensu, da kamunsa, da garuruwan da ya gani, da yadda Turawa ke zama cin abinci a tebur, da idon wanda ba abin da ya fi ƙarfin ya duba shi ya auna. An buga labarin cikin Magana Hausa a 1885, aka kuma fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1971 ta hannun Kirk-Greene da Paul Newman. Schön kalmomi yake farauta. Labarin tafiyar ribar ƙafa ce muka samu.

Dorugu ya dawo Afirka a 1864, kuma daga nan ba mu da wani labarin tafiya daga bakinsa. Ya yi tafinta, ya tsufa, a ƙarshe ya zauna a Nasarawa ta Kano yana taimakawa a makarantar boko da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. Vischer ɗin ma matafiyi ne da ya zauna: a 1906 ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno, ya rubuta littafi a kai, sannan ya koma koyar da yara. Mutum biyu da suka san ƙishirwar hamada suka ƙare a tsakar gida ɗaya suna fama da abacada. Ni ban ga faɗuwa a nan ba. Cikin duk abin da Dorugu ya kwaso daga yawon duniya, karatu da rubutun boko ne kaɗai ke da kasuwa a Kano ta wancan lokaci, shi kuwa ya sayar da abin da ake saye, kamar yadda mutanen Zango suka yi da nasu. Ya rasu a 1912, shekarar da jirgin ƙasa ya fara kwasar kaya daga Kano.

Gyaɗar ma ba ta dawwama ba. Bayan mulkin kai gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin fitar da ita, sannan farin 1973 da cutar da ta faɗa wa shukar a 1975 suka durƙusar da noman. Jikokin fatake suka sake juyawa, wasu sufuri, wasu wake da albasa, wasu man fetur na Najeriya a jarka, wasu aikin gwamnati. Ayarin da bai taɓa tsayawa ba shi ne na gishiri: har yau in kaka ta yi Abzinawa na ratsa Tenere zuwa Faci da Bilma su ɗauko kantu da dabino, domin wannan ciniki ne tsakanin makiyayi da manomi, ba ya jiran Manchesta.

Hanyar arewa kuma ta sake buɗewa da wani irin kaya. Yanzu mutane ne ke biyan kuɗi a ɗauke su, a bayan Hilux, daga Agadas zuwa Dirku zuwa Libiya, ko zuwa Aljeriya. A Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawansu daga ƙasar Kance, ƙasar su Dorugu. A 2015 aka yi dokar hana safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita sosai a 2016, aka kama direbobi aka tsare motoci, aka ce wa sauran su nemi wata sana'a, da alkawarin tallafi daga Tarayyar Turai wanda kaɗan ne suka gan shi. Wani ɗan ƙanena yana cikin waɗanda abin ya shafa. Ya dawo Zinder ba mota, ya yi kabu-kabu na ɗan lokaci, daga baya wani tsohon abokin hulɗarsa na Agadas ya ba shi kayan waya bashi, ba takarda ba shaida, ya buɗe ɗan shago kusa da Kasuwar Dole. A Nuwamba 2023 gwamnatin soja ta soke dokar, motoci suka koma fita a fili, abokansa suka dame shi da kira. Na tambaye shi ko zai koma. Ya ce, «Baba, motar da zan koma da ita tayoyinta sun ruɓe a inda aka tsare ta. Shagon nan kuma ya fara biyan haya da kuɗin lakwal ɗin yara, kuma ban gama biyan mai kaya ba.»